Hayaƙin Salansa Bayan An Gyara Inji

'Yan'uwa, motar da ke kai marasa lafiya asibiti ba ta da hutu, shi ya sa muke roƙon direbobinmu su riƙa duban salansa bayan gyara. In an sa sababbin ringi, ɗan hayaƙi shuɗi a kwanakin farko ba komai, ringin bai gama zama ba. Amma in ya ƙi ɗaukewa, baƙin mai kuma yana raguwa, injin na ƙona mai. In da safe kawai yake fita, mu zargi robar bawul. In sai an taka wuta a hawa, ringi ne. Farin hayaƙi mai kauri kuwa, ruwan lagireto ke shiga inji. A kashe motar, a kira bakanike kafin injin ya buga.