Yoyon Iska A Makullin Aksul: A Saurara Kafin A Kwance

(Jawabin da wani ɗan'uwa mai fataucin goro ya yi a taron ƙungiya na wata-wata a Sabon Shagamu)

  

An nemi in yi magana a kan wata na'ura da wasunmu suka sa wa motocinsu na shiga daji, irin su Hilux da Land Cruiser, wato makullin aksul mai aiki da iska. Kun san kakar goro takan fara tun ruwa bai ɗauke ba a nan Kudu, hanyoyin ƙauyukan Ijebu da Ondo kuwa sai wanda ya gani. Goro ba ya jiran mota. In ta maƙale da shi a taɓo kwana biyu cikin zafi, asara ta riga ta shigo.

Ga waɗanda ba su san abin ba: a cikin tulun nan na tsakiyar aksul akwai wasu giyoyi masu barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu in an sha kwana. A kwalta alheri ne. A taɓo kuwa illa ne, don tayar da ta samu santsi ita za ta yi ta juyawa, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. Makulli shi ke ɗaure su biyun su juya tare. Wanda aka fi sani shi ne na kamfanin ARB na ƙasar Ostareliya, kuma iska ce ke tura shi ya kama.

To, ga hanyar iskar nan, a riƙe ta da kyau. Daga kwamfuresa mai aiki da batir sai ƙaramin tanki. Daga nan sai bawul na lantarki, wanda makanikai ke kira solinoyid. Sai siririn tiyo, milimita 5 ko 6, ya bi ƙarƙashin mota ya tarar da wani noti da ya huda jikin tulu. A ciki kuma bututun jan ƙarfe ne ke kai ta ga wani zoben ƙarfe mai robobi biyu. Kwamfuresa takan tsaya in iska ta kai wajen 100 a irin gejin da ake auna taya, ta sake tashi in ta sauka wajen 70. Kun ga kenan kusan ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota, ƙaramin rami ma ya isa.

Maganata a yau ita ce: kada kowa ya yarda a kwance masa aksul kafin a san a wane ɓangare yoyon yake. Wasu makanikan, Allah ya shirye mu baki ɗaya, da sun ji an ce iska na gudu sai su ce "sai an buɗe". Alhali kunnenka ma zai gaya maka.

Ka tsayar da mota a wuri mai shiru, ka kunna kwamfuresa kaɗai, kada ka taɓa maɓallin makulli. Ta cika ta tsaya. Sai ka zauna ka jira. In ta yi ta tashi bini-bini, yoyon yana sama, tsakanin kwamfuresa da solinoyid, aksul ba shi da laifi ko kaɗan. In kuwa ta yi shiru, sai ka danna makulli. Ta ɗan tashi sau ɗaya, wannan ba komai ba ne. Amma in ta ci gaba da tashi, to yoyon daga solinoyid ne zuwa ƙasa. Mai makulli biyu, gaba da baya, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kuma in ka kashe makulli ka ji "fuss" sau ɗaya, ba yoyo ba ne, haka aka yi shi ya saki iska.

Daga nan sai ruwan Omo. A kaɗa ya yi kumfa, a shafa a kowace mahaɗa makulli na kunne, a bi tiyo taku-taku. Inda iska ke fita za a ga kumfa na kumbura. A fi lura da inda tiyo ya kusanci salansa, don zafi na narka shi, da inda yake gugar ƙarfe, da inda ya yi ɗamau babu sarari, don aksul hawa da sauka yake yi, in tiyo ya gajarta sai ya fizge shi. In bakin tiyon ne ya tsage, a yanke shi daidai da sabuwar reza, ba da almakashi ko filaya ba, su matse bakin suke yi. Gyaran minti goma ke nan.

In duk wannan babu kumfa, saura ciki. Ko a nan ma ba a yi gaggawa ba. A saman aksul akwai wata 'yar kafa ta numfashi. A cire hularta, a kunna makulli, a kara kunne ko a shafa kumfa. In iska na fitowa ta nan, to ta tabbata a cikin tulu take zuba: ko bututun jan ƙarfe ya tsage don yana gugar babbar giya, ko robobin nan biyu sun cinye, ko robar fistin na makullin kansa.

Bari in daɗe kaɗan a kan kafar nan, don ita ce muka fi sakaci da ita. Laka takan toshe ta. In ta toshe ga yoyo a ciki, iska ba ta da mafita, sai ta tura man giya ta bakin tayoyi har ya jiƙa birki, ko ya biyo tiyo ka ga solinoyid na tofar da mai. Mutum ya yi ta canza robar bakin taya a banza. Sannan in aksul ya yi zafi aka tsunduma shi cikin rafi, yakan zuƙi ruwa ta wannan kafa. Ka kwance notin mai ka duba: in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kuma wannan gurɓataccen mai shi ke cinye robobin. A canza shi nan take, a sa wa kafar dogon tiyo a ɗaure shi can sama.

In dole ta sa an buɗe, ka tsaya a wurin. A duba boris, don in yana da lilo sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba. A shafa wa robobin mai, a sa su ba murɗiya. Kuma kafin a rufe, a cika iska kamar 90 a geji, a bar ta, a ga ko allura za ta sauka. In ta sauka kada a rufe.

Masu manyan motoci irin su Mercedes da MAN, naku makullin daga iskar motar yake sha, wadda birki ma ya dogara da ita, saboda haka yoyonku ba na jinkiri ba ne. A ja wa direbobi kunne kuma: ba a danna makulli taya na fafara a taɓo, a tsaya tukuna, kuma da an hau kwalta a kashe shi.

Ranar Lahadi bayan la'asar zan zo da geji bakin masallaci, mai so ya kawo motarsa mu saurara tare.