Mu Riƙa Ƙirga Makonninmu

 

Da yawa cikinmu da waya a gefen matashin kai muke kwana, muna jiran saƙon dillalan aiki. Ni ma na yi shekara biyu a haka, a wani ɗakin ajiyar kaya a bayan garin Mancesta. Wata asuba cikin hunturu, na riga na shiga bas na biya kuɗina, sai saƙo ya shigo wai yau ba a buƙatata. Na sauka a tasha ta gaba, hannuna ya ƙage da sanyi, ina tunanin abin da zan faɗa wa uwar 'ya'yana.

An ce ai albashi mafi ƙanƙanta ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Gaskiya ne. To amma awa nawa? Wannan mako arba'in, na gaba goma sha biyu, kuɗin haya kuwa bai san an rage maka aiki ba. Banki ya duba takardun albashinka ya ga hawa da sauka, ya hana ka bashin sayen gida. Horo da ƙarin girma na ma'aikatan dindindin ne. Shi ya sa za ka ga mai digiri daga Jami'ar Bayero shekara biyar yana ɗaukar kwali, yaron da ya koya wa aiki ya zama shugabansa. Wannan shi ya fi ci mini rai, domin 'ya'yanmu suna kallo.

Akwai dokar da ta fara aiki a Ingila a Oktoban 2011. Idan dillali ya tura ka wuri ɗaya, kan aiki ɗaya, ka cika mako 12, albashinka da hutunka dole su zo daidai da na wanda kamfanin ya ɗauka kai tsaye. Tun ranar farko ma haƙƙinka ne a sanar da kai guraben dindindin da suka buɗe. Amma idan aka dakatar da kai fiye da mako shida, ƙidayar ta koma farko, kuma wasu da gangan suke yin haka.

Don Allah kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya fara da awoyin da ya yi. Waɗanda Allah ya ba aikin dindindin, ku tsaya bayan sallar la'asar ku faɗa mana inda ake ɗauka. Masu takardun albashi a aljihu, ku kawo mu duba tare.