Gyaran Kwamfuta Daga Nesa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

 

Abin da zan yi bayani a kai yau shi ne yadda ma'aikacin gyara zai zauna a ofishinsa cikin birni, ya duba kwamfutar da ke ofishin gunduma ba tare da ya taso ba. Kun san wahalar da a kan sha in kwamfuta ta ƙi aiki: a ɗauke ta a mota zuwa birni, aiki ya tsaya, talakawa masu jiran takarda suna ta kai da komowa. Alhali kuwa sau da yawa ba abin da ya lalace, wani tsari ne kawai ya rikice a cikinta.

Akwai manhajoji da dama na wannan aiki, kamar TeamViewer da AnyDesk, waɗanda kamfanonin ƙasar Jamus suka yi. Amma wadda ta fi sauƙi gare mu ita ce Quick Assist ta kamfanin Microsoft, domin kyauta ce, kuma tana zuwa tare da Windows 11. Wanda bai same ta a kwamfutarsa ba, sai ya sauko da ita daga Microsoft Store.

Ga yadda a ke yi. Da fari lalle ne kwamfutocin biyu su kasance a kan intanet. Malami ya kira ma'aikacin gyara a waya, sa'an nan ya danna Ctrl da Windows da Q gaba ɗaya, manhajar ta buɗe. Ma'aikacin zai karanto masa wata lamba ta sirri wadda ba ta daɗewa ta ke mutuwa. In malami ya rubuta ta, ya nuna ya yarda, sai ma'aikacin ya ga fuskar kwamfutar kamar yana zaune gabanta. In yana so ya sarrafa ta da kansa, sai ya sāke neman izini. Kome ya taɓa malami yana gani, kuma yana da iko ya katse a duk lokacin da ya so.

To, ranku ya daɗe, ga inda hatsarin ya ke. Wanda aka ba wannan izini, daidai ya ke da wanda aka miƙa wa mabuɗin ofis: wasiƙun Masarauta, da takardun filaye, da na rabon gado, duka suna gabansa. A shekarar 2024 kamfanin Microsoft ya ba da sanarwa cewa wasu 'yan damfara suna kiran mutane da sunan masu gyara, su shiga ta Quick Assist, har a kulle bayanan ma'aikata a nemi kuɗin fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ina roƙon kowane Hakimi ya kafa dokoki uku. Na ɗaya, malami ne zai kira ma'aikacin da aka sani. Baƙon da ya kira da kansa, kome daɗin bakinsa, kada a buɗe masa. Na biyu, kada malami ya bar kujerarsa sai an gama. Na uku, a ajiye littafi a riƙa rubuta rana, da sa'a, da sunan wanda ya shiga, da abin da ya gyara, Hakimi ya sa hannu.

Takardun nan amanar talakawa ce a hannunku. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.