Hagu ko Dama: Gefen da Ake Dasa Na'urar Daidaita Bugun Zuciya

Gabatarwa

Laccar yau ta tsaya ne a kan wata tambaya da likita kan yi wa majiyyaci kafin a dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya, watau: "Da wane hannu kake aiki?" Sau da yawa majiyyaci kan amsa ta ba tare da ya yi tunani ba, alhali kuwa da wannan amsa ake zaɓen gefen da na'urar za ta zauna a ƙirjinsa shekara da shekaru.

Zuciya da Na'urar

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda idan yana hutawa. Abin da ke tayar da kowane bugu shi ne ɗan lantarkin da ke fitowa daga wani gurbi a ɗakin sama na dama na zuciya, sa'an nan ya gangara zuwa ɗakunan ƙasa. Idan gurbin ya raunana, ko hanyar ta toshe, sai bugun ya ragu, mutum ya riƙa jin jiri da kasala, wani lokaci har ya suma. Aikin na'urar shi ne ta lura da zuciyar, in bugu ya makara ta aika da nata lantarkin.

A shekarar 1958 aka fara dasa irinta a jikin mutum, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin. Likita Ake Senning ne ya yi aikin, Rune Elmqvist ya ƙera na'urar. Majiyyacin, Arne Larsson, ya rayu har 2001, bayan an sauya masa na'ura fiye da 20. A wancan aiki sai da aka buɗe ƙirji. A yau kuwa allurar kashe zafi ake yi, a yi 'yar tsaga ƙasa da ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a ajiye na'urar ƙarƙashin fata, girmanta bai wuce na kwalin ashana ba. Daga nan ake zura siririyar waya ta cikin jijiyar jini har ta isa ɗakunan dama na zuciya. Tun da kafaɗa biyu ke ga mutum, tilas a zaɓi ɗaya.

Dalilin Fifita Hagu

Galibi hagu ake zaɓa, saboda dalilai uku. Na farko, kimanin mutum 9 cikin 10 hannun dama ne hannun aikinsu. Wayar tana buƙatar makonni kafin ta kama naman zuciya, kafaɗa mai yawan motsi kuwa tana iya fizge ta daga mazauninta. Bayan shekaru ma, wayar da ta bi tsakanin ƙashin nan da haƙarƙari na farko tana iya gogewa ta karye. Na biyu, jijiyar hagu tana lanƙwasawa a hankali kamar baka kafin ta shiga babbar jijiyar da ke zuba jini a zuciya, ta dama kuwa kwanarta mai tsanani ce.

Na uku ya shafi wata na'ura 'yar'uwarta, wadda aka fara dasawa a 1980 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, bisa aikin Likita Michel Mirowski da abokansa. Ita wannan tana aika girgiza mai ƙarfi domin ta mayar da bugun da ya rikice kan hanya. In tana hagu, girgizar takan ratsa mafi yawan naman zuciya. Saboda haka ko bahago ne ke buƙatarta, likita kan so a sa ta a hagu.

Inda Ake Komawa Dama

Hagu ba doka ba ce. Akan koma dama ga bahago, da wanda aka haɗa wa jijiyoyi a hannun hagu domin wankin ƙoda, da macen da aka yi wa aikin sankarar mama a wannan gefen, da wanda jijiyarsa ta toshe. Akwai kuma 'yan tsiraru, ƙasa da mutum 1 cikin 100, waɗanda aka haifa da wata jijiya ta daban a hagu mai wuyar bi. Haka nan idan ƙwayoyin cuta suka kama gurbin na'urar, akan cire ta duka da wayoyinta, a dasa sabuwa a ɗaya gefen. Ke nan kafaɗar da aka bari ajiya ce domin gaba.

Bahagon da Ya Ɓuya

A nan tambayar likita ke iya samun gurguwar amsa. A ƙasar Hausa, yaron da aka ga yana miƙa hagu cikin akushi akan buge masa hannu, a makaranta kuma a mayar masa da alƙalami dama. Ya girma yana ci da dama, yana rubutu da dama, yana gaisuwa da dama, amma in ya ɗauki gatari ko adda ko guduma sai hagu ta karɓa. Irin wannan mutum, idan aka tambaye shi a asibiti, dama zai ce, wani don kunya, wani don shi kansa ya manta shi bahago ne. Sai a dasa na'urar a kafaɗar da ke ciyar da iyalinsa.

Rubutu aikin yatsu ne, na'urar kuwa da kafaɗa take maƙwabtaka. Saboda haka abin da ya kamata a bincika shi ne kafaɗar da ke ɗaukar wahala. Maƙeri ya faɗi hannun da ke riƙe guduma, manomi ya faɗi wanda ke jagorar fartanya. Soja da ɗan sanda da maharbi su faɗi kafaɗar da gindin bindiga ke dira, domin ba a son duka ya riƙa sauka a kan na'urar. Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya.

Bayan Tiyata

Yawancin asibitoci kan umarci majiyyaci da kada ya ɗaga gwiwar hannun wannan gefen sama da kafaɗa, kada kuma ya ɗauki kaya mai nauyi, har tsawon mako 4 zuwa 6. A cikin wannan lokaci daka da taɓarya, da jan guga, da aza tulu a ka, duk sai a bar wa 'yan'uwa. Amma ɗaure hannun gaba ɗaya shi ma kuskure ne, gama kafaɗar da ba ta motsi takan ƙage, warware ta kuwa yana cin watanni. A ci abinci da hannun, a riƙa motsa shi a hankali. Kada a riƙa murza na'urar ta saman fata, domin tana iya juyawa ta nannaɗe wayar.

Ma'aikata su lura da wani abu. Aljihun ƙirji na kaftani da na babbar riga galibi a hagu yake, daidai inda na'urar take. Ana so wayar salula ta nisance ta da santimita 15, saboda haka a sauya mata aljihu, a kuma kara ta a kunnen ɗaya gefen. Kumburi, ko ja, ko ruwa daga tsagar, ko zazzaɓi, ko dawowar jiri, kowanne dalili ne na komawa asibiti ba da jinkiri ba.

Kammalawa

Tun 2016 aka amince a Amurka da wata ƙaramar na'ura marar waya, wadda ake zurawa ta jijiyar cinya a ajiye ta cikin zuciya, ita ba ruwanta da hagu ko dama. Amma tana da tsada, ba ta kuma dace da kowane majiyyaci ba, don haka mafi yawan masu wannan ciwo a kafaɗa za a dasa musu. Ɗalibin da zai zama likita ya koyi tambayar sana'a kafin ya ɗauki wuƙa, wanda ya raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa asibiti kuma ya faɗi abin da ya gani a gona da tsakar gida. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.