Kirarin Garuruwanmu na Jigawa

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa. Da sakatare ya ce ni zan yi magana bana, na so in zille, domin tsayawa gaban malamin da ya taɓa ba ka uku bisa goma a insha'i ba ƙaramin aiki ba ne. To amma ga ni, Allah gafarta Malam, a yi mini sassauci.

Za ku tuna sa'ad da muka shigo makarantar nan dukkanmu 'yan Jihar Kano ne. A rajista sunan garin yaro ake liƙa masa bayan nasa, saboda haka kowa da garinsa yake yawo. Da dare in an kashe fitila sai 'yan birni su tasa mu gaba: Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Mu na karkara mu yi tsuru-tsuru. Bahaɗeje ne kaɗai ba ya haƙura. Zai tashi zaune ya kawo labarin Sarki Buhari da ya ƙi bin Sakkwato, ya ɗora da na Sarki Muhammadu da ya tari Turawa a 1906 har ya rasu a fagen fama. Bagumule kuwa sai ya ce Lautai, ya ja bargo, shi a ganinsa ya gama magana.

Ran 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta yanke mana Jigawa, aka sa hedikwata a Dutse. Aka ba jihar take na Turanci, ma'anarsa Sabuwar Duniya, aka buga a lambar mota. Ban raina shi ba, amma ban taɓa jin wani a kasuwar Maigatari ko ta Gujungu ya faɗe shi ba. Wanda ya kama bakin jama'a shi ne Jigawa tarin Allah. Duk wanda ya ga jigayin rairayin nan da ke jibge a ƙasarmu, waɗanda ba hannun mutum ne ya tara su ba, ba ya bukatar a yi masa fassara.

Haka kirari yake, yana ɗauke da abin da gari ya gani. In an ce Dutse Gadawur, tsofaffi za su gaya maka wani maharbi ne ya tarar da gada jingim a tsakanin duwatsun wurin. Yau ka nemi gada ɗaya a Dutse ka gani, sai dai ofisoshi, amma sunan ya riƙe mana labarin dajin. In an ce Biram ta Gabas, ana nufin Garun Gabas da ke ƙasar Haɗejiya, wadda ake lissafawa cikin Hausa Bakwai tare da Kano da Katsina da Daura. Da na san wannan a aji biyu, da 'yan birni ba su hana ni barci ba.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Kwanan baya ɗana, wanda a Kano aka haife shi, ya tambaye ni kirarin garinmu. Na faɗi kalma uku na tsaya cik. Alhali a unguwarmu akwai wani tsohon maroƙi da yake jero shi tun daga wanda ya sari garin har zuwa hakimi mai ci, ba ya tuntuɓe. Shekara da shekaru ina cewa in na je gida da Salla zan zauna da shi in rubuta. Na je wata Salla na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji roƙo, ɗaya direba ne, ɗaya tela. Laifin nan nawa ne, ba na kowa ba.

Jihar nan tana da masarautu 5, Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim, da ƙananan hukumomi 27, kuma da wuya a ce akwai wadda ba ta da ɗa a zauren nan. Roƙona shi ne kowa in ya je gida ya nemi maroƙi ko sanƙira ko wata gwaggo mai shekaru, ya ɗauki muryarsu da waya, ya kuma tambayi ma'anar kowace kalma, domin a nan tarihin yake. Har da sunayen tsokana da maƙwabta suke laƙa wa juna a kawo, ko da yake waɗannan sai shugaba ya tace su kafin su shiga mujalla, kada taron baɗi ya watse da rigima.

A miƙa wa sakatare kafin watan azumi. Malaminmu na Hausa, in ya yarda, shi zai duba mana rubutun, kuma na san jan bironsa yana nan.