Ganuwar Saiwa da Juriyar Fari a Ƙasar Kazaure

Manoman Babura da Gwiwa da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ba kowace shuka ke jure ƙishi a jigawa ba. Wani sashe na dalilin yana cikin saiwa. Tsakanin ɓawonta da jijiyoyin da ke kai ruwa sama akwai wata ɗamara da masanin tsirrai Bajamushe, Robert Caspary, ya bayyana a 1865. Ganuwa ce: ruwa da gishiri ba sa shiga sai ta ƙofa. Idan fari ya tsananta, saiwa takan ƙara yaɓe bangonta da wani abu mai kama da kakin zuma, kada busasshiyar ƙasa ta zuƙe ruwanta. Saboda haka, wajibi ne mai zaɓa wa Roni da Kazaure irin gero ya dubi saiwa kamar yadda yake duban zangarniya.