Tankar Silima Da Tankar Gaskiya: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi kowane aji ya fitar da mutum guda da zai yi magana a kan wani abin da yake yi idan ya tashi daga aiki. 'Yan ajinmu suka ce ni zan tashi, don sun san har yanzu ban daina ƙera tankokin yaƙi na wasa ba, sana'ar da muka fara da karan dawa a lungunan Tudun Wada. Na san akwai mai cewa a ransa, ga mutum da furfura yana wasan yara. To, a ba ni minti goma sha biyar, in na gama sai a yanke mini hukunci.

Bari mu fara da sunan. Turawan Ingila ne suka fara fitar da tanka fagen fama, ran 15 ga Satumba, 1916, a yaƙin Somme cikin ƙasar Faransa. Lokacin da ake ƙera ta a ɓoye, sai aka baza labari cewa tankunan ruwa ake yi wa soja, don kada Jamusawa su farga. Sunan ya bi ta har yau. Ashe ke nan tankin ruwan da ke bayan ɗakin kwananmu da tankar yaƙi sunansu ɗaya tun asali.

Yawancinmu a silima muka fara ganin tanka, daga baya kuma a kaset ɗin bidiyo. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, akasarin tankokin Jamus da ake nuna mana na aro ne. Dalili kuwa a fili yake. Shahararriyar tankar Jamus mai suna Tiger, wajen 1,350 kawai aka ƙera tsakanin 1942 da 1944, kuma kusan duk sun halaka a yaƙi ko an narkar da su bayansa. Amurka kuwa ta ƙera Sherman sama da 49,000. Saboda haka mai shirya fim yana iya samun Sherman, amma in yana son Tiger sai ya yi dabara.

Ga misalai. A fim ɗin Battle of the Bulge na 1965, wanda aka ɗauka a ƙasar Sifen, tankokin da aka ce na Jamus ne, M47 ce ta Amurka, wadda ba a ma ƙera ta ba sai bayan an gama yaƙin. A fim ɗin Patton na 1970, an yi wa M48 fenti an ce ta Jamus ce, alhali ita wannan tanka sunan Janar Patton ɗin ma aka sa mata. Wato an sa tanka mai sunan mutum tana harbin mai sunan. A Kelly's Heroes, shi ma na 1970, wanda aka yi a Yugoslabiya, an ɗauki T-34 ta Rasha aka lulluɓe ta da ƙarfe har ta yi kama da Tiger. Haka aka sake yi a Saving Private Ryan a 1998. A 2014 kuwa, a fim ɗin Fury, an ga Tiger ta ainihi tana tafiya. Ita ce mai lamba 131, wadda sojan Ingila suka kama a Tunisiya a watan Afrilu na 1943, tana kuma ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila.

To, yaya mutum zai gane? Malaminmu na kimiyyar halittu ya koya mana cewa in kana son sanin tsuntsu, dubi ƙafarsa da bakinsa, ka bar launin gashinsa. Haka abin yake ga tanka. Fenti da tambari kowa na iya shafawa, amma ƙafafu da wuya a sake su.

Da farko ƙidaya ƙafafun da ke cikin sarƙa. T-34 tana da manyan ƙafafu biyar a kowane gefe, kowace a ware. Sherman tana da ƙanana shida, an haɗa su bibbiyu gida uku. Tiger kuwa ƙafafunta sun shiga cikin juna, kamar an jera faranti wani yana rufe rabin wani. Na biyu, nemi ƙafar nan mai haƙora da ke jan sarƙa, irin firiwil na keke. A jikin Tiger da Sherman tana gaba, a jikin T-34 tana baya. Duk wanda ya sake kallon Kelly's Heroes ya dubi ƙasa, zai ga Tiger a sama, T-34 a ƙasa. Na uku, dubi ƙirar jiki. Tiger a miƙe take kamar akwati, T-34 a jirkice, don harsashi ya zame in ya doke ta, Sherman kuma doguwa ce mai tudun ƙirji. Na huɗu, dubi bakin igwa. Ta Tiger mai faɗin milimita 88 doguwa ce da kumburi a ƙarshenta, ta Sherman ta farko mai milimita 75 gajera ce ba kumburi.

Wannan ilimi bai tsaya a silima ba. Mu nan gida, duk motar soja mai sulke da muka gani a titi, musamman a ranakun juyin mulki, sai mu ce tanka. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, abin da sojan tarayya suka fi amfani da shi motoci ne masu sulke masu tayar roba, irin su Ferret mai taya huɗu da Saladin mai taya shida. Daga baya ne aka sayo Scorpion daga Ingila, 'yar ƙarama mai nauyin kimanin tan takwas, da T-55 ta Rasha, da Vickers, sannan T-72 da aka yi aiki da ita a Arewa maso Gabas a 2015, da VT-4 daga Sin a 2020. T-55 tana da ƙafa biyar da giɓi tsakanin ta farko da ta biyu, T-72 tana da shida. Yau kowa da waya a hannu, a kan turo maka bidiyon tankoki a ce ga abin da ke faruwa a gari kaza, hankalin mutane ya tashi. In ka ƙidaya ƙafa bakwai, ka ga faffaɗan kai irin na Abrams ta Amurka, ka san ba a Nijeriya aka ɗauki hoton ba, don sojanmu ba su da ita. Ƙidayar ƙafa kaɗai tana iya hana ka yaɗa ƙarya.

Yanzu sai batun ƙira. Muna yara, kayan aikinmu karan dawa ne da totuwarsa, da langa-langa, da gwangwanin madara, da marfin kwalbar lemo, da tsohon silifas. Har yanzu da su nake aiki, sai dai na ƙara abu guda, wato ma'auni. Masu wannan sana'a a duniya sun fi amfani da ma'aunin 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa. Ma'anarsa, kowane tsawo na tankar gaskiya sai ka raba shi gida 35. Jikin Tiger, ban da igwa, ya kai kimanin mita 6.3, wato santimita 630. Raba da 35, ka sami 18. Tsayinta kimanin mita uku, sai ya koma santimita takwas da rabi. Malamanmu na lissafi da ke zaune a nan, ga inda darasin nan na kashi da rabo ya yi rana.

In ka gama lissafi, sai ka zana a takarda: gefe, gaba da sama. Ka yanka jiki daga kwali mai kauri ko gwangwani, ka haɗa da gam, in gwangwani ne kuma ka kai wa mai dalma. Ƙafafu da marfin kwalba. Sarƙa kuwa, ka sami kwalin katan ka ɓare fatar sama, ƙunyoyin nan na ciki su fito, ka yanka siriri ka naɗe. Bututun biro ya isa bakin igwa. Kan tanka ka ɗora shi a kan ƙusa guda don ya riƙa juyawa. Wajen fenti ma akwai tarihi: tankokin Jamus ruwan toka ne mai duhu a farkon yaƙi, daga 1943 suka koma ruwan ƙasa mai ɗorawa, na Amurka kuwa kore ne mai duhu da farin tauraro. Tanka guda takan ci mini mako uku, in ina zama bayan la'asar.

Akwai abin da wannan aiki ya nuna mini wanda silima ba ta nuna mana ba. Mai ƙira dole ya yanka ƙofofin shiga, dole kuma ya tambayi kansa mutum nawa ke ciki. Sherman mutum biyar take ɗauka, cikin akwatin ƙarfe tare da mai da harsasai. In wuta ta kama, ta waɗannan 'yan ƙofofi za su fita, in sun samu fita. A silima muna tafi da ihu in tanka ta fashe. Tun da na fara auna ƙofofin nan ban ƙara yin tafi ba.

Abu na biyu, finafinan nan ba su taɓa nuna mana kakanninmu ba. Nan Zariya, inda Depot ke horar da kurata tun 1924, barikin sunansa Chindit, sunan rundunar da ta yi yaƙi a bayan layin Japanawa a Bama, wadda bataliyoyin Nijeriya suka shiga cikinta a 1944. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a yankin Arakan, ta 81 a kwarin Kaladan, a daji da tsaunukan da mota ba ta shiga balle tanka. A ka suka ɗauki kayan yaƙi, jirgin sama yana jefo musu abinci. Da yawa cikinmu mun tarar da waɗannan tsofaffi a unguwa, muna kiransu 'yan Bama, muka wuce su muka tafi kallon yaƙin wasu. Aikin da ke kan teburina yanzu ba shi da sarƙa ko igwa: hanyar daji ce da gadar gora da kayan soja a jibge bakin rafi, don in nuna wa jikokina inda nasu suka taka.

Ranka ya daɗe shugaba, ga roƙona. Yaranmu na yau sun iya danna waya, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa riƙe rula da reza su fitar da abu daga kwali. Ina ba da shawara wannan ƙungiya ta nemi izinin hukumar makaranta a farfaɗo da ƙungiyar aikin hannu, a ba ta ɗaki guda da yammacin Asabar. Abin da ake bukata kaɗan ne: rula, almakashi, gam, fenti da tebur biyu. Ba lallai sai tanka ba. Wanda ke son tarakta ko jirgin ƙasa ko keken ɗinki ya ƙera, muddin zai auna, ya zana, ya kuma rubuta shafi guda na tarihin abin da ya ƙera. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar biyu a kowane wata, kuma cikinmu akwai injiniyoyi da tsofaffin soja da malaman zane da za su fi ni amfani a wurin. In an amince, a taron baɗi sai a ware tebur a bakin zaure, yaran su baje abin da suka yi, malamanmu su ba da maki kamar yadda suka saba.

Na kawo guda huɗu suna can bayan zaure, ban rubuta sunansu ba. Duk wanda ya ƙidaya ƙafafu ya faɗi sunan uku daidai, ya zaɓi ɗaya ya kai wa yara gida.

 Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.